Rabin Buhun Gero da Hannun Bawa

Ba zan faɗi sunana ba, saboda 'ya'yana sun girma, kuma ba su ne suka ɗauki kayan kowa ba. Abin da ya kamata ku sani shi ne, ni haifaffen Ƙauran Namoda ne, kuma a gidan malamai na tashi. Mahaifina malamin fiƙihu ne, Allah ya ji ƙansa, zaurensa ba ya rabuwa da masu ɗaukar karatu daga hantsi har la'asar. Na yi sauka da wuri, na fara littattafai, ana ta cewa yaron nan yana da kai. Ban taɓa kwana da yunwa ba, ban taɓa rasa rigar sawa ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ce talauci ne ya kai ni inda na je. Ba talauci ba ne, iyayi ne.

Abin da ya sa na buɗe baki yanzu, bayan na daɗe ina shiru, shi ne maganar da nake ji a bakin samari a tashar kabu-kabu da ke kusa da inda nake zama. Kullum sai na ji wani yana bugun ƙirji, wai komai na duniya lissafi ne, in ka san doka ka san inda ta tsaya, ba abin da zai same ka. Raina ɓaci yake yi, wallahi. Ku da ko karatun ba ku yi ba! Ni na yi lissafin nan, da littafi ma na yi shi, sai ku saurara ku ji inda ya kai ni, da inda ya kai mutumin da ya yarda da ni.

Shekarar da aka yanke mana Zamfara daga Sakkwato na bar zauren Malam, mahaifina, na koma kasuwar hatsi. Ko'ina maganar sabuwar jiha ake yi, wane ya samu aiki a Gusau, wane ya samu kwangila ya sayi babur, ni kuwa ina zaune a kan buzu ina maimaita babin alwala. Na ce ba da ni ba. Wani dillali ya ɗauke ni awo. Aikin ba wuya: manomi ya kawo gero ko dawa, in auna da tiya in zuba a buhun maigidana. A makon farko aka koya mini yadda ake tara hannu a bakin tiya, hatsi ya yi tsororuwa har ya hau kan damtse, a ce tiya guda ce. In kuma mu ne masu sayarwa, sai a shafe bakin. Kowa na yi, ba wanda ke kiran abin sata. Daga nan na mallaki tiya biyu, babba ta saye, mai lotsattsen gindi ta sayarwa. Daga nan kuma na fara rage wa maigidan nawa shi ma. Ba zan iya nuna muku ranar da kunya ta fita daga idona ba, a hankali ta tafi.

Akwai mijin yayata Hajo, mutumin Ɗan Isa. Zan kira shi Bawa, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Manomi ne, amma yakan yi dako da jakinsa, ya kwaso hatsin mutane daga bakin hanya zuwa cikin kasuwa. Dogo ne baƙi, mai dariya da ƙarfi, ko alif bai sani ba. Da yake ƙanin matarsa nake, wasa ne tsakaninmu: shi Ɗan Malam yake ce mini, ni kuma in ce masa Sarkin Jakai. Ni na lura cewa ba wanda ke tambayar mai jaki in ya ɗora buhu, don aikinsa ke nan, kuma ni na kai masa maganar. Ranar kasuwa manoma kan jibge buhuna a fili su tafi ciniki ko salla. Sai in nuna masa guda da ido, ya haɗa da kayan da aka ba shi dako, ya sauke mini a bayan rumfarmu, in juye in sayar. Da muka ga ido ya fara yawa a Ƙaura, muka riƙa bin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, da ta Zurmi. Bawa ya kora jakinsa tun jajibiri, ni in biyo mota, in tsaya a inda ake lodi in karɓi buhu kamar kayana.

Sai shari'a ta zo. Ku da ba ku ga lokacin ba, da wuya ku gane. Ranar da aka ƙaddamar a Gusau motoci sun yi ta ɗibar mutane har a kan rufi, rediyo ba ya maganar komai sai ita. Aka rufe gidajen giya, aka shigo kasuwa ana duba tiyoyi, na jefa mai lotsattsen gindin nan a masai. Abin da ya fi tsaya wa irinmu a wuya shi ne haddi, wato ɓarawo a cire masa hannu. Wasu da na sani suka tattara suka ƙetare zuwa jihohin da ba a yi, wasu suka tuba, wasu suka yi kamar sun tuba. Da labari ya zo cewa an zartar a kan wani, Bawa ya zo ya same ni, ba dariya a fuskarsa. Ya ce, “Ɗan Malam, ni na bari. Da wanga hannu nika noma, da shi nika ɗaure kaya. In an cire shi, Hajo da ɗiya mi za su ci?” Kuma ya bari ɗin da gaske. Damina guda cur bai taɓa ko zangarniyar wani ba.

Da na ƙyale shi a nan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma ni ba ni da jaki, kuma na saba da tsire kullum da taba da sabon takalmi. Sai na tuna wani karatu da na taɓa ji a zauren Malam, babin sata. Na tuna ba kowace sata ake yanke hannu a kanta ba. Sai abin da aka ɗauka ya kai nisabi, wato wata ƙima da shari'a ta yanka, rubu'in dinari. In bai kai ba, sai dai horo, bulala ko ɗauri. Kuma sai an fitar da abin daga ma'ajiyarsa. Na je masallaci na tambayi wani malami nisabin bana nawa ne, kamar mai neman ilimi, har yana sa mini albarka. Lokacin kaka ne, gero ya cika kasuwa, ya yi arha kamar a ba ka kyauta. Na zauna na auna: cikakken buhu ya haura nisabi, rabin buhu bai kai ba. Na yi ta murmushi ni kaɗai, ina ganin duk Zamfara ba mai kai irin nawa.

Na hau kabu-kabu na tafi Ɗan Isa. Na tarar da Bawa yana gyaran rumbu, na ja shi gindin dogon yaron ƙofar gidansa.

Na ce, “Sarkin Jakai, tsoron banza kake ji.” Na zayyana masa komai, nisabi da ma'ajiya da rabin buhu.

Ya ce, “Kai dai Ɗan Malam, bakinka ya hi hannunka aiki. To in an kama mu hwa?”

Na ce, “Wa zai kama mu? Tun yaushe muke yi, wa ya taɓa kama mu? In ma an kama, bulala ce. Kai da jaki ya sha harbinka, bulala ce za ta dame ka?”

Ya yi dariya, sannan ya shiga murza tafin hannunsa. Ya ce, “Haka yake cikin littahin Malam?”

Na ce, “Ni ɗan wa ne?”

Ya ce, “To. Ni ban yi karatu ba. Kai ka yi.”

Hajo ta leƙo da ƙwaryar fura, ta ce wace hira ce muke ta ƙus-ƙus haka. Na ce mata maganar taki ce.

Muka koma aiki da sabuwar ƙa'ida. Ba ma taɓa cikakken buhu, ba ma shiga rumbu ko shago. Ragowar da manomi ya sayar da rabi ya ɗaure bakin, ita muke nema. Kaka ta wuce, rani ya wuce, ba abin da ya faru. Wasu ɓarayin kasuwa suka ji labari, suka riƙa zuwa ina yi musu fatawa: akuya irin kaza ta kai, ɗan akuya irin kaza bai kai ba. Alƙali suke kirana, ni kuma kaina na kumbura, ku ji shashanci. Ɗan gidan malamai, ina raba wa ɓarayi ilimin da ubana ya ƙare ƙuruciyarsa yana nema. Kowace kasuwa muka ci lafiya sai ta ƙara mini tabbacin cewa haka za mu yi ta ci.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya yi jinkiri, rumbuna suka yi ƙasa, gero ya yi tsada har mata na sayensa da gwangwani. Ni ne fa mai awo. Ni nake faɗa wa mutane farashi da bakina kowace safiya, ni nake murna in ya tashi. Amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa rabin buhun da na auna da kaka ba shi ne rabin buhun damina ba. Na riga na haddace cewa rabin buhu lafiya ne, ban sake waiwayar lissafin ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Ranar kasuwar Zurmi ce, da azahar. Wani dattijo daga Birnin Tsaba ya kawo gero, ya sayar da rabi, ya jingine sauran a rumfar wani mai gishiri, ya ce ya duba masa zai je salla. Ni ban ji wannan maganar ba, buhu kawai na gani a jingine. Na yi wa Bawa ido. Ya ɗora, ya ɗaure, ya kora jaki. Mai gishiri ya bar shi ya ɗan yi gaba, sannan ya kwarma ihu. Damina ba kaka ba ce, buhuna ba su da yawa, kowa idonsa na kan nasa da na maƙwabcinsa. Kafin Bawa ya kai tasha an rufe shi. Ni kuma ina tsaye wurin motar Ƙaura ina jira, wani ya nuna ni ya ce ya sha ganinmu tare a Shinkafi. 'Yan agaji ne suka ƙwace mu daga hannun mutane, da sun ƙyale mu da ba a kai ga kotu ba.

A ɗakin da aka tsare mu, Bawa ya juyo wurina. Ya ce, “Ɗan Malam, in ce kuskure na yi? In ce na zaci kayan dako ne?” Da ya faɗi haka, da wataƙila shakka ta shiga, an tsaya a bulala. Ni na hana shi. Na ce, “Kada ka soma. In ka yi musu za a yi ta ɗage shari'a, gonarka ta cika da ciyawa. Amsa kawai, ka ce rabin buhu ne, a yi maka bulalarka ka koma gida ka yi maimai.” Kun ji? An kama ni, an fasa mini leɓe, rigata a yage, amma har yanzu fatawa nake bayarwa.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin magana. Ya tambayi Bawa ko ya ɗauka, Bawa ya ce ya ɗauka. Ya sake tambayarsa, ko dai ya zaci nasa ne, ko wani ne ya ba shi dako? Sai daga baya na gane hanya yake ba shi. Bawa ya waiwayo ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ya ce, “Allah gafarta Malam, sata na yi, ina sane. Amma rabin buhu ne.” Har da ɗaga murya a kan rabin.

Alƙali ya sa aka kira dillalai biyu daga kasuwa, aka auna geron a gabanmu, aka tambaye su kuɗinsa a ranar da aka ɗauka. Tun kafin su buɗe baki na san amsar, don ni ma a haka nake sayarwa. Ya haura nisabi, ba ma da kaɗan ba. Mai gishiri ya ba da shaida cewa ajiya aka ba shi, alƙali ya ce rumfa da mai ita a zaune ma'ajiya ce. Aka yanke wa Bawa haddi, hannun dama. Ni kuwa, da yake ba ni na ɗauka ba, aka yi mini bulala da ɗaurin 'yan shekaru. Bawa bai gane ba da farko. Ya matso kusa da ni ya ce, “Mi yac ce?” Ɗan sandan kotu ne ya faɗa masa, ba ni ba.

Malam bai zo kotu ba, bai kuma zo gidan yari ba. Saƙo ɗaya ya aiko ta bakin Hajo, wai a tambaye ni, da nake zama a zaurensa, na ji babin har ƙarshe ko farkonsa kawai na ɗauka na tashi? Ya rasu ina ciki.

Abin da ban sani ba shi ne, yanke hukunci daban, zartarwa daban. Sai magana ta hau sama, sai manya sun amince. Aka kai mu gidan yari guda, aka ce Bawa ya jira. Wata ya wuce, shekara ta juyo, ba a yanke ba, ba a kuma sake shi ba. Duk ranar da mota ta tsaya a ƙofa, ko gandiroba ya shigo yana kiran sunaye, sai in ga Bawa ya tura hannunsa na dama cikin hammata. Ya samo wani guntun igiya yana koyon ɗaurin kaya da hagu da haƙora, wai kada ranar ta zo ta same shi bai iya ba. Mutumin da ake jin dariyarsa daga ƙarshen kasuwa ya koma ba ya magana sai dole. Bai taɓa zagina ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Muna cikin haka aka ce wani baƙo ya zo daga jami'a, malamin tattalin arziki, yana so ya yi hira da waɗanda aka ɗaure a kan sata. Na ce ikon Allah, mai tattalin arziki me ya haɗa shi da ɓarayi? Wani siriri ne mai tabarau, da 'yar rikodarsa, ya zauna a benci tare da mu ba ƙyama. Ya ce bincike yake yi, yana so ya gane ko tsananin hukunci ya rage sata tun da aka fara shari'a. Ya ce a fanninsu akwai masu ganin ɓarawo kamar ɗan kasuwa ne: yana duba abin da zai samu, ya duba yiwuwar a kama shi, ya duba nauyin hukuncin, in riba ta rinjaya ya yi, in ba ta rinjaya ba ya bari.

Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce ashe har a jami'a ana karanta abin da na gano ni kaɗai! Na gyara zama na kwashe lissafina kaf na ba shi, ina yi ina kallon sauran fursunoni. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “Malam, na ji ka auna hukunci. To kamun fa? Cikin kasuwannin da kuke ci, ka ɗauka a wacce za a kama ku?” Na ce gaskiya ban sa wannan a ciki ba, ni ban taɓa kawowa za a kama ni ba. Ya ce kusan duk wanda ya zauna da shi haka yake gaya masa. Ya ce shi ya sa da yawa daga masu irin bincikensa suke ganin tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana mutum, don hukunci komai nauyinsa, wanda ya sakankance ba za a kama shi ba gani yake na wasu ne. Haushi ya cika ni, ba don ya yi ƙarya ba, sai don ya taso daga nesa ya nuna mini ni ba wani gwani ba ne, irina sun cika gidan.

Ya juya wurin Bawa ya tambaye shi ko ya ji tsoro da aka fara shari'a. Bawa ya ce, “Na ji, Malam. Har na bari.” Ya ce to me ya dawo da shi? Bawa ya nuna ni da haɓa, ya ce, “An yi min lissahi.” Malamin ya kashe rikodarsa. Da zai tafi ya ce shi ba lauya ba ne, amma ya ji malamai na cewa wanda aka yanke wa haddi da iƙirarin bakinsa yana iya janyewa, a ɗaukaka ƙara. Na matsu Juma'a ta yi, na tare limamin da ke zuwa mana, na tambaye shi. Ya ce haka ne, yana nan a ƙarshen babin. Ƙarshen da na tashi na tafi kasuwa ban ji ba ke nan.

Na samu Bawa a gindin katanga yana fama da igiyarsa. Na ce, “Yaya Bawa,” kuma ban taɓa kiransa haka ba sai ranar, “akwai hanya. Ka ce ka janye, ka ce kuskure ka yi.”

Ya ɗago ya dube ni. “Wani littahin ka sake tunowa?”

Na ce liman ne ya faɗa, ya je ya tambaye shi da kansa.

Ya ce, “Na ɗauki geron ko ban ɗauka ba?”

Na ce ya ɗauka, amma ya bari in yi masa bayani.

Ya ce, “Na hwaɗi gaskiya gaban alƙali, ita kaɗai ta rage min. Yanzu in koma in yi ƙarya don kai ka ce? Ɗan Malam, ka auna min sau ɗaya. Ya isa.”

Na yi magiya, na yi faɗa, na turo liman, na sa Hajo ta zo ta yi kuka a gabansa. Ko gezau. Kai, ban taɓa ganin taurin kai irin wannan ba! Har na rantse ba zan sake yi masa magana ba, washegari na koma. Sau ɗaya a rayuwata na kawo masa maganar da za ta amfane shi, ya ƙi ji saboda daga bakina ta fito, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifin.

Wa'adina ya cika aka buɗe mini ƙofa, na bar shi a ciki yana jira. Ba dillalin da ya yarda ya ba ni tiya a Ƙaura, kuma ban ga laifinsu ba. Na yi dako, na yi kwasar yashi, na riƙa noma gonar Bawa a Ɗan Isa don 'ya'yansa su samu na tuwo. Jakin kuwa tuni Hajo ta sayar. Na je Birnin Tsaba neman dattijon nan in roƙi gafara, na tarar ya rasu, sai ɗansa na roƙa. Waɗanda na tauye wa awo kuwa, ina zan gan su? Na tuba ga Allah, kuma har gobe a kan tuban nake. Nakan kai wa Bawa ƙuli-ƙuli da gari, kuma duk zuwa tambayarsa guda ce, ko na ji an ce yaushe. Har ya kai yana cewa da ma a zo a yanke ya huta, ya koma gida ya ga ɗiyansa.

Ba a zo ba. Tari ne ya kama shi, ya ci shi a hankali, har wata safiya aka aiko a zo a ɗauki gawa. Ni na je na ɗauko. Ni na yi masa wanka, don ba wani babban namiji a gidan. Na wanke hannun daman nan har gwiwar hannu, yatsunsa cif, ko ƙwarzane babu. Da muka dawo daga maƙabarta Hajo ta kira ni ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Shekara da shekaru ina roƙon Allah kada a yanke. Yau ga shi ka kawo min shi da hannunai biyu. Hwaɗa min in yi mi da su?” Ta ce in tashi in ba ta wuri. Tun daga wannan rana, gaisuwa ce kawai tsakanina da ita, mu da muke ciki ɗaya.

To ku samari, ga abin da zan gaya muku, kuma ba da lallashi zan faɗa ba don na gaji. Duk ranar da ka ji zuciyarka tana auna laifi, tana ce maka wannan kaɗan ne, wannan doka ba ta kai nan ba, wannan ba mai gani, ka tashi daga wurin, don ka riga ka fara. Ba za ka sa kamu a lissafinka ba, ba wanda ke sawa. Farashin da ka auna da shi yau kuma ba da shi za a yi maka hukunci ba. Wanda ya ji tsoro ya bari, ku ƙyale shi da tsoronsa, kada ku je kuna yi masa iyayi. In kuma kai ne mai tsoron, wani mai baki ya zo ya ce ya san hanya, ka tambaye shi hannun wa zai ɗauki kayan, nasa ko naka. Ni an sake ni, ina ci ina sha, ina zuwa masallaci a sahun gaba. 'Ya'yan Bawa kuwa Kawu suke ce mini, suna durƙusawa su gaishe ni, suna yi mini godiyar gona, don har yau uwarsu ba ta gaya musu ba, ni ma na kasa.